Ranar da Huseina Ta Wanke Injin Taliya

Duk faɗin Fagge, a shekarun nan da ake ta maganar mulkin kai, in ana zancen mace mai tsafta sunan Huseina matar Malam Wali ake fara kira, sannan a tsaya a yi tunanin ta biyu. Tsaftar tata ma har ta so ta yi yawa. Tukunyar da ta yi tuwo da ita jiya, yau in ka gan ta sai ka rantse yanzu aka sauke ta daga kan mai talla. Maƙwabta kan ce ko kazar gidan in za ta shiga tsakar gida sai ta tsaya ta karkaɗe ƙafa. Sharri ne dai irin na maƙwabta, amma ba su yi nisa da gaskiya ba.

'Yar Kazaure ce, ubanta magatakarda ne a kotun alƙali. Tagwaye ne su, Hassana aka kai ta aure Nguru, ita kuma aka kawo ta Kano, gidan malamin elementare mai keke da tabarau. Abu biyu uwarsu ta cusa musu tun kafin su iya ɗaura zane. Na farko toka da soso. Na biyu kara, wato kada baki ya faɗi duk abin da ciki ya sani. In an ba ki abinci ki ce kin ƙoshi, sai an matsa. In kin ci abin da bai yi miki ba ki ce madalla. In kin ari kwano, mai shi ta ce, "Haba, bar shi, kada ki wahalar da kanki da wanki," to ki sani faɗa kawai ta yi don ladabi, kuma idonta na kan kwanon ranar da zai dawo. Kayan aro da sheƙi yake komawa, kuma ba ya komawa wofi. Da wannan karatu Huseina ta shigo Kano, ba ta taɓa zubar da ko wasali ɗaya daga cikinsa ba.

Shi kuwa Malam Wali mutum ne mai son kayan zamani. Shi ya fara shigo da risho layinsu. Ranar da ya kunna shi, yana ta ba shi iska abin yana huci, Huseina tana can bayan randa tana salati, ta ce ita ba za ta yi girki a kan abin da ke fushi tun ba a taɓa shi ba. Ba a daɗe ba sai ga ta tana soya ƙwai a kai tana yi wa matan layi bayani, ta kuma goge tagullar jikinsa da tsamiya har mutum na ganin hancinsa a ciki. Da ya kawo mata ɗan ƙarfen nan na kaɗa ƙwai, ta jujjuya shi ta ce, "Wannan ai maburgi ne, boko kawai ya yi."

A duk Kano mutum ɗaya ce Huseina ke iya yin kuka a gabanta, ita ce Morufat, wadda kowa ke kira Iya Fausat, da sunan 'yarta. Bayarabiya ce, iyayenta mutanen Ogbomosho, amma a Sabon Gari ta tashi, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Mijinta Moshood yana sayar da kwanuka a kasuwa, ita kuma takan ɗauki wasu a ka ta bi gidajen matan kulle. Haka ta shigo wata rana ta tarar da Huseina, tana amarya a lokacin, kwance a tabarma zazzaɓi na kaɗa ta, Malam yana makaranta, ba uwa ba dangi. Iya Fausat ba ta tambayi kowa ba. Ta sauke kaya, ta ci ɗamara, ta hura wuta, ta yi mata farfesu mai yajin da ya sa ta gumi har zazzaɓin ya nemi hanya. Tun daga ranar suka ƙulla. Haihuwa, suna, rashin lafiya, mutuwar ɗan Huseina na biyu, duk Iya Fausat na nan. Huseina na sonta so na gaske, ko da yake ba ta taɓa buɗe baki ta faɗa ba, don a ganinta irin wannan ba abin faɗa ba ne.

To, Iya Fausat tana da wani abu da babu mai irinsa a Sabon Gari, wato injin taliya. Moshood ne ya saya mata a hannun wani Balaraben Turabus da ya tashi komawa gida. Ɗan ƙaramin abu ne, bai fi ka rungume shi da hannu ɗaya ba, ƙarfe fari mai ƙyalli. A bakin benci ake ɗaure shi. Gefe ɗaya ka sa kwaɓin fulawa ka juya mariƙi, ya fito shimfiɗe kamar ƙyalle. Ɗaya gefen kuma haƙora ne, ka sa shimfiɗaɗɗen ya fito zare-zare. Taliyar da mata biyar za su wuni suna murzawa da tafin hannu, shi kafin azahar ya gama. Da shi take yin taliya, da shi take yanka cincin ɗin da 'yan talla ke kai mata tashar jirgin ƙasa. Ba ta ba da aronsa. Matar wani babban akawu ta taɓa aikowa, ta ce a gaya mata inji ba ya jin daɗin jikinsa.

Ana nan, wata damina, sai yayan Malam Wali ya tashi tafiya Makka ta jirgin sama. Ya sauka gidansu da 'yan rakiya, maza da mata, kusan rabin Kazaure. Gida ya cika, har zaure ba wurin sa ƙafa. Huseina ta rasa abin da za ta riƙa dafawa wanda zai fitar da ita kunyar dangin miji. Ba ta roƙa ba, don ba ta iya roƙo ba, ta dai yi zancen a gaban ƙawarta tana kallon ƙasa. Washegari da hantsi sai ga Iya Fausat da inji a ka, naɗe cikin zane kamar jariri.

Ita da kanta ta ɗaure shi a benci, ta nuna mata yadda ake kwaɓi da ƙarfi, yadda ake barbaɗa gari don kada ya kama, yadda ake tarar zaren da hannun hagu. Huseina ta juya mariƙi, taliya ta zubo, sai ta ƙyalƙyale da dariya kamar yarinya. Matan Kazaure suka kewaye benci suna tafa hannu, wata tsohuwa ta ce lalle duniya ta zo ƙarshe, tunda ƙarfe ya koyi murji.

Iya Fausat ta ɗauki kayan tallanta, ta kai bakin ƙofa, ta juyo.

"Aminiya, in kin gama kada ki wanke shi. Kin ji ko? Ki bar shi yadda yake, ni zan zo in ɗauka. Bikin Fausat ya matso, cincin ɗin duk da shi zan yi."

"To, Iya Fausat. Allah ya saka da alheri."

A ranta kuwa cewa ta yi, Allah sarki, baiwar Allah, ga hidimar biki a gabanta amma ba ta so in wahala. Ita Iya Fausat ba ta tsaya faɗin dalili ba, sauri take yi, kuma a wurinta magana in an faɗe ta ta faɗu.

Kwanakin nan Huseina ta yi suna. Igiyoyin shanya duk suka koma na taliya, da hadari ya taso a kwashe a guje, da rana ta fito a mayar. Aka ci da mai da yaji, aka ci da miyar kaji, aka ci da wake. Maniyyaci da bakinsa ya ce ko a Makka bai sa ran cin abin da ya fi wannan ba, Malam Wali yana gefe yana gyara tabarau kamar shi ya ƙera injin. Aka raka baƙi filin jirgi, 'yan rakiya suka koma Kazaure, gida ya yi shiru.

Sannan Huseina ta zauna ta ƙare wa inji kallo. Ta leƙa tsakanin haƙoran nan, ta ga busasshen kwaɓi maƙale a kowane lungu, wani ma da gani ya girmi aron. Ta kama haɓa. Ba ta zargi ƙawarta da ƙazanta ba, tausayinta ma ta ji. Mace ga talla ga miji ga 'ya'ya, ina ta ga lokaci? To yau Allah ya kawo inji hannun da ya dace.

Ta ɗora ruwa a risho ya yi zafi. Ta juye a babban daro, ta kaɗa sabulun salo har ya yi kumfa, ta tsoma inji ciki ta bar shi ya jiƙu tun hantsi har la'asar. Sannan ta ɗauko toka da soso da tsinken tsintsiya, ta bi haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa. Kai, ranar inji ya ga wanka! Ya fito yana walƙiya, har ta ji dama Balaraben Turabus yana nan ya gani. Ta goge bayansa, ta naɗe shi cikin sabon zane, ruwa na kwance a cikin cikinsa ba ta sani ba, ta tura ƙarƙashin gado. Ba za ta mayar da shi wofi ba, sai ta yi alkaki ta haɗa, alkaki kuwa ba a yin sa rana ɗaya. Ga damina, ɗaki ya yi sanyi, bango har gumi yake.

Ranar da alkaki ya sha zuma ta jera shi a kwano, ta jawo ƙunshi ta buɗe don ta ƙara gogewa. Abin da ta gani ya sa ta zauna daɓas a ƙasa. Zanen ya yi ja. Tsatsa ta fito daga cikin inji ta bi haƙoran nan kaf, ta bi bakin inda ake sa kwaɓi. Ta kama mariƙi ta juya, ko motsi. Ta sa hannu biyu, ta danne da gwiwa, ya yi wani ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya tsaya cik.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na shiga uku!"

Ta zuba man gyaɗa, shiru. Ta matsa lemon tsami, abin ya ƙara baƙi. Ta ɗebo kananzir daga risho ta ɗura, sai wari ya ƙaru a kan tsatsa. Haka Malam Wali ya dawo daga makaranta ya same ta, hannu ja, ido ja.

Ya tsuguna ya duba, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Me ya same shi?"

"Wanke shi na yi, Malam."

"Ba ta gaya miki yadda ake yi da shi ba?"

"Ta ce kada in wanke."

"To?"

"To ai kowa haka yake cewa!"

Malam ya buɗe baki, ya tuna shi ma da a gabansa aka faɗa haka zai ɗauka, sai ya rufe. Can ya ce, "Garin neman gira an rasa ido ke nan." Ya ce akwai wani mai gyaran keke a Sabon Gari, Nwabueze, wanda hannunsa ke jin maganar ƙarfe, gobe zai kai masa. Huseina ta roƙe shi don girman Allah kada kowa ya ji. Ba injin ne ya fi tsaya mata a rai ba. Tsoronta kada matar da ta riƙe ta shekara da shekaru ta dube ta ta ce ta ci amana, ta ɗauke ƙafa daga gidan. In haka ta faru, Kano ta zama mata jeji.

Da safe Malam ya ɗaure inji a bayan keke, ya lulluɓe da tsohon buhu, ya fita. Ko awa ba a yi ba sai ga sallamar Iya Fausat. Huseina ta miƙe da sauri. Ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta kawo fura, ta kawo goro, ta tambayi lafiyar Moshood, ta tambayi ta amarya, ta koma ta sake tambayar ta Moshood.

"Aminiya, yau kuma gaisuwar ba ta ƙarewa? Injin na zo ɗauka, an kawo fulawa."

"Af, ai kuwa da sauran ɗan aiki. Wasu baƙin ne za su zo. Ki ƙara mini kwana biyu."

Iya Fausat ta ce, "To shi ke nan, tunda ke ce. Amma kada ya wuce haka, kin san dangin ango 'yan reluwe ne, bakinsu ya fi jirgin tsawo." Ta shanye fura ta tafi. Huseina ta bi bayanta da kallo, ta ji kunya kamar ta nutse. Tunda suke ba ta taɓa yi mata ƙarya mai ƙafafu irin wannan ba.

Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Abin da Malam Wali bai lissafa ba shi ne, rumfar Nwabueze tana kan hanyar da Iya Fausat ke bi kullum, kuma shi ya taɓa gyara mata mariƙin injin nan da ya sassauta. Washegari da yamma Huseina tana tankaɗe sai ta ji ƙarar keke a zaure. Malam ya shigo yana jan ƙafa, fuska kamar wanda aka kama da satar amsa. A bayansa Iya Fausat ce, ta ci ɗamara da gyale, inji a hannu.

Malam ya ce a hankali, "Ina tsaye a rumfar ta zo wucewa. Shi kuma ya ɗaga murya ya ce, Mama Fausat, wa ya yi wa injinki wanka?" Yana gama faɗa ya tuna yana da alwala da zai yi, ya ɓace.

Huseina ta saba jin faɗan Iya Fausat tun daga bakin layi, da masu bashi, da 'yan dako, da akuyar da ta taɓa mata kaya. Yau kuwa shiru ta yi, shirun ya fi faɗan ban tsoro. Ta ajiye inji a tsakar gida.

"Gefen shimfiɗawa ya tashi. Haƙoran sun mutu, Nwabueze ya ce ko uban wa aka kira ba za su sake yanka ba. Ruwa ba ya taɓa shi, Aminiya. Busasshen tsumma ne da ɗigon mai, shi ke nan."

Huseina ta durƙusa. Ta ce a yafe mata. Ta ce tana da 'yan kunnen zinariya na gadon uwarta, a sayar a nemo wani ko a Ikko ne.

"Rufe mini baki da zancen zinariya! Na ce miki kada ki wanke, ko ban ce ba?"

"Kin ce."

"Da Yarabanci na faɗa?"

"A'a."

"To me ya kai ki?"

Huseina ta sunkuyar da kai. "Na ɗauka kara kika yi mini."

Nan fa Iya Fausat ta tafa hannu, ta juya ta dubi bango kamar tana neman shaida.

"Kara! Jama'a ku ji mini, kara! Ni na wanke miki jini ranar haihuwa. Ni na riƙe ki ranar da aka fita da ɗanki. Ashe duk shekarun nan in na yi magana sai kin juya ta kin duba bayanta, kamar mai sayen zane? Baƙo ake yi wa kara, Huseina. Ni ban taɓa yi miki ba, don ban ɗauke ki baƙuwa ba. Inji ƙarfe ne, yau ya lalace gobe a manta. Amma na zauna a tabarmarki jiya, kika dubi idona kika ce baƙi za su zo. Wannan ne ya ƙona mini rai."

Tunda suka ƙulla ba ta taɓa kiran ta da sunanta ba sai ranar. Ta sunkuci inji ta fita. Ruwan da aka kawo mata ko kallonsa ba ta yi ba, alkakin ma yana nan a kwano.

Kwanaki suka wuce. Aka raba goron biki a Fagge, gidan kowa ya samu, har gidan matar da suka taɓa yin rigima da Iya Fausat a kan murfin kwano. Na Huseina bai zo ba. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa, ta wanke tukwanen da ba a yi girki da su ba. Abinci ya daina shiga. Malam ya gaji da ganin haka, ran nan ya ce, "Ke, in zuwa za ki yi, ɗauki mayafi ki je. Na yarje miki. Gidan nan ya ishe ni da ƙamshin sabulu."

Ba ta ɗauki alkaki ba, ba ta ɗauki turare ba. Wuƙarta ta ɗauka, wadda take yanka kuɓewa da ita, da ɗan katakon yanka. Ta bi wata tsohuwar maƙwabciya da za ta kasuwa, suka tsallaka Sabon Gari da hantsi, tana ta kauce wa kekuna da taɓo.

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, tsakar gida cike da mata. Risho biyu na huci, mai na tafasa. Inji na ɗaure a benci, wata na juya shi yana fitar da shimfiɗaɗɗen kwaɓi yana ɗan kuka. Ga kwaɓi nan an tara a faifai kamar wankin da ba a goge ba, don yankan ya gagara. Mata uku na fama da wuƙaƙe, wani cincin ya fito kamar ɗan yatsa, wani kamar tafin hannu. Iya Fausat na tsakiya, gumi har gira, tana yi wa kowa faɗa.

Huseina ta yi sallama. Matan suka amsa, Iya Fausat ta dube ta sau ɗaya ta ci gaba da juya mai. Ba wanda ya ce zauna. Ta nemi gefe ta zauna, ta ajiye katako, ta jawo faifai. Hannun da ya saba bin lungun tukunya da tsinke ai ba ya yanka a karkace. Ta jera, ta tsaga, ta gicciya, cincin ya riƙa zubowa kansa ɗaya kamar an auna. Matan nan uku suka ajiye wuƙaƙe suka koma kwashewa. Aka yi azahar, aka dawo, ba ta ɗaga kai ba. Yatsanta ya yi kanta, bayanta ya ƙage, faifan suka riƙa raguwa.

Sai wajen la'asar Iya Fausat ta tsamo cincin daga mai, ta bari ya sha iska, ta zuba kaɗan a murfin kwano ta dangwarar a gabanta.

"Ci."

Huseina ta ɗauki ɗaya ta sa a baki.

"Ya yi?"

"Madalla, ya yi daɗi ƙwarai. Allah ya yi wa hannunki albarka."

Iya Fausat ta sunkuya ta zare wuƙar daga hannunta, ta ɗora a kan katako, ta tura mata.

"An gode da aiki. Tashi ki tafi gida. Baƙi sai ranar biki suke zuwa."

Huseina ta dubi ƙofa. Ta gane in ta fita ƙofar nan yanzu, ta fita ke nan.

"Iya Fausat, me kike so in yi?"

"Gaskiya guda ɗaya nake so. Wadda ba ki taɓa faɗa mini ba. In babu, ga hanya."

Huseina ta dubi matan, ta dubi ƙasa. A Kazaure ko mahaukaciya ba ta faɗin irin wannan a gidan mutane, ana saura kwana kaɗan biki, a gaban baƙin ido. Da muryar ta fito, 'yar siririya ce kamar ba tata ba.

"Cincin ɗinki akwai tauri."

"Me kika ce?"

"Akwai tauri. Tun ranar da kika fara kawo mini. Kina tsuke hannu wajen bota, ƙwai ma ba ya isa. In kin ba mu, a koko muke jiƙa shi. Haƙorin Malam na gefe da ya ɓare, ba ƙashin rago ba ne kamar yadda muka gaya miki."

Wata mata ta toshe baki da gyale. Daga cikin ɗaki amarya Fausat, da ake yi wa kitso, ta ƙwalla, "Iya, ban faɗa miki ba!"

Iya Fausat ta riƙe ƙugu. "Cincin ɗina? Wanda duk tasha ake rububinsa?"

Huseina dai ta riga ta tsoma ƙafa, sai ta ƙarasa.

"Matafiya ne ke saye. Sai jirgi ya tashi suke ganewa."

Iya Fausat ta dubi murfin kwanon. Ta ɗauki cincin ɗaya daga murfin ta jefa a baki, ta tauna, aka ji ƙarar har bakin ƙofa. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta fashe da dariya, ta zauna a ƙasa cikin garin fulawa tana buga cinya, hawaye na zuba, matan gida duk suka ɗauka. Huseina ma ta so ta yi dariyar, amma kuka ne ya zo mata, ta yi abinta a gaban kowa ba ta rufe fuska ba.

Da Iya Fausat ta samu numfashi, ta share ido da bakin zane, ta jawo gwangwanin bota da kwandon ƙwai ta dire a gabanta.

"Shekara da shekaru kina kallo ina karya haƙoran bayin Allah, muguwa. To uwar iyawa, sauran kwaɓin naki ne, gyara." Ta juya wajen matan da ke kan benci. "Ku kuma ku matsa mata, kun bar 'yar'uwata a ƙasa kamar wadda ta zo cin arziki."